Kujera Ɗaya a Cikin Makaɗa Ɗari

 Yau za mu leƙa wata sana'a ce da ba a cika ba da labarinta a wajenmu ba, wato sana'ar mai kaɗa gogen Turawa, wanda ake kira bayolin, a cikin babbar ƙungiyar makaɗan nan da ake ce wa okestira.

Ko ba ku taɓa ganinsu ba, kun sha jin su. Duk wanda ya kalli tsofaffin finafinan Indiya ya san wannan sautin mai ratsa jiki da ke tasowa idan abin tausayi ya faru. Masu goge ne da yawa suke kaɗawa a tare. 'Yan uwanmu na Sudan kuwa sun saba ganin wannan goge a bayan manyan mawaƙan Omdurman. Amma asalin okestira a Turai take. Cikakkiyar ƙungiya takan kai mutum 80 zuwa 100, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku masu goge ne: kamar 16 a rukuni na farko, 14 a rukuni na biyu. Tambayarmu ta yau ita ce, wace hanya mutum yake bi kafin ya sami zama a ɗaya daga cikin kujerun nan, kuma idan ya zauna, me ake nema a wurinsa?

(Kiɗan goge na ɗan lokaci)

Mu fara da shi kansa gogen. Namu na gida mun san shi: ƙoƙo, da fata, da tsirkiya guda ta gashin wutsiyar doki. Na Turawa ma da izgar doki ake goga shi, kuma sai an shafa mata ƙaro kafin ta kama tsirkiya. Sai dai jikinsa na katako ne, tsirkiyarsa huɗu, kuma tsakanin haɓa da kafaɗar hagu ake maƙale shi. A garin Cremona na ƙasar Italiya ya sami siffar da yake da ita yau, a hannun gidan Amati cikin ƙarni na 16, sannan Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, ya kai sassaƙarsa inda har yanzu ake kwaikwayo.

Wahalarsa tana wuyansa. Mai fiyano idan ya danna wuri, sautin da aka tanada shi zai fito, ko yaro ne ko babba. Jita tana da 'yan ƙarafa a wuya da ke nuna inda za a ɗora yatsa. Wuyan goge kuwa sumul yake, babu alama ko ɗaya. Yatsa ne zai nemo sautin da kansa, kunne ya gaya masa ko ya dace. Idan ya goce da kaurin farce, an ji. Kuma duk sa'ad da hannu ya matso kusa da fuska wuraren suna ƙara matsewa, har ta kai sai yatsa ɗaya ya kauce kafin ɗan uwansa ya sami wurin sauka. Wannan aikin hannun hagu ke nan. Hannun dama mai riƙe da izga shi ma yana da nasa: saurin jan izgar, da nauyin da za a ɗora mata, da daidai wurin da za ta taɓa tsirkiya. A ƙara nauyi kaɗan, sai goge ya yi ƙara kamar ana yaga tsumma. A rage kaɗan, sai sautin ya shaƙe. Hannu biyu, aiki biyu dabam, a lokaci guda.

Shi ya sa ake fara koyo da wuri. Da yawa daga cikin waɗanda suka zama ƙwararru sun ɗauki goge suna da shekara 4 zuwa 7. Akwai 'yan ƙananan goge da ake sassaƙa wa yara, ana sauya musu wanda ya fi girma yayin da hannunsu ke tsawo. Makonnin farko sau da yawa ba a ma kaɗa komai. Yaro zai tsaya ƙafa a ware, malama ta ɗora masa goge a kafaɗa, ta juya masa kai hagu, ta ce ya saki hannu ya riƙe da haɓa kawai. Sai ta lanƙwasa masa babban yatsa a jikin sandar izga, ta ɗora ɗan ƙaramin yatsa a sama. Gobe ya manta, ta sake gyarawa. Abin da jiki ya koya a karkace a wannan lokaci yakan ɗauki shekaru kafin a miƙe shi, don haka malamin farko ba abin wasa ba ne.

Wani malami ɗan ƙasar Japan mai suna Shinichi Suzuki, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998, ya lura cewa babu yaron da ke kasa koyon harshen uwarsa, domin yana jin sa kullum, yana maimaitawa, ana yaba masa. Sai ya gina koyarwarsa a kan haka: yaro ya fara da ji da kwaikwayo kafin karatun rubutun kiɗa, uwa ko uba su zauna a darasi, su kula da bitar gida. Hanyar ta bazu a duniya. Amma ku lura da abin da take buƙata: mahaifi mai sarari, da kuɗin malami duk mako na shekara da shekaru. Ni a ganina wannan shi ne babban aibin sana'ar. Ɗan talaka da wuya ya shige ta sai da mataimaki, kuma Allah kaɗai ya san yawan masu baiwar da aka rasa ta nan. Akwai waɗanda suka tashi tsaye a kai. A Venezuela, José Antonio Abreu ya fara a 1975 da matasa 11, shirinsa na El Sistema ya girma har ya kai ga dubban ɗaruruwan yara, da yawansu daga unguwannin marasa ƙarfi. A Soweto ta Afirka ta Kudu kuma akwai makarantar Buskaid, wadda Rosemary Nalden ta buɗe a 1997.

To yaya yawan bitar? A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi kan ɗaliban goge na wata makarantar kiɗa a Berlin. Suka gano cewa waɗanda suka fi ƙwarewa, kafin su cika shekara 20, sun tara kusan awa 10,000 na bita su kaɗai a ɗaki. Mutane sun riƙe adadin, sun bar abin da ya fi shi muhimmanci, wato irin bitar. Kaɗa waƙar da ka riga ka iya don jin daɗi bai shiga lissafi. Bita ita ce ka ɗauko ɗan gurbin da ke ba ka wuya, wataƙila sauti huɗu ko biyar, ka yi shi a hankali ƙwarai, ka saurara, ka gano yatsan da ke makara, ka gyara, ka ƙara sauri kaɗan, ka sake. Irin wannan tattara hankali ba ya wuce awa huɗu ko biyar a yini, kuma binciken ya nuna gwanayen sukan ɗan runtsa da rana don su huta. Littattafan horon ma tsofaffi ne. Darussa 42 na Rodolphe Kreutzer, Bafaranshe, sun haura shekara 200, kuma har gobe da wuya ka sami ƙwararren da bai bi ta cikinsu ba. Bayansu akwai guda 24 na Paganini masu karya yatsu, da guda shida da Bach ya rubuta a 1720 don goge shi kaɗai.

Wajen shekara 18 sai a nemi babbar makarantar kiɗa. Ta Paris an kafa ta a 1795, ta Royal Academy a Landan a 1822, Curtis ta Philadelphia a 1924, ga kuma Juilliard a New York. Shekara huɗu ne digirin farko, da yawa su ƙara biyu. Ana koyon ƙa'idojin kiɗa da tarihinsa da horon kunne, amma ƙashin bayan karatun shi ne awa guda a mako da ɗalibi zai yi da malaminsa su biyu. Saboda haka ɗalibai malami suke bi, ba sunan makaranta ba. Leopold Auer ne ya koyar da Jascha Heifetz a St Petersburg. Ivan Galamian da Dorothy DeLay su suka reni Itzhak Perlman a Juilliard. Sana'a ce ta hannu da hannu.

Ga inda gizo ke saƙa. Duk shekarun nan ana horar da ɗalibi ne ya tsaya shi kaɗai a gaban jama'a, ya fitar da muryarsa, a ji shi daban da kowa. Amma masu cin abinci da wannan a duniya 'yan ƙalilan ne. Mafi yawa koyarwa za su yi, ko su nemi kujera a okestira, inda ake neman kusan akasin abin da suka taso a kai. Don cike wannan giɓi ne ƙungiyar Berlin Philharmonic ta buɗe makarantar Karajan a 1972, inda matasa ke zama kusa da manya suna koyon aikin a bakin aiki.

(Kiɗa)

Yanzu mu zo ranar gwaji, wadda a kanta rayuwar mutum take juyawa.

Kujera a babbar ƙungiya ba ta samuwa sai wani ya yi ritaya, ko ya koma wani wuri, ko ya rasu, domin mutum yakan riƙe ta shekara 30 ko fiye. Idan aka yi shela, masu nema sukan wuce ɗari, daga ƙasashe dabam-dabam, kuma galibi kowa da kuɗinsa zai zo. Tun da watanni za a aiko da jerin abin da za a kaɗa. Kusan kullum akwai farkon ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen Mozart na goge, domin a fili yake sarai, babu inda kuskure zai ɓuya. Sai kuma gutsattsarin wurare masu wuya daga manyan ayyuka. Wanda ya fi shahara shi ne shafin farko na Don Juan, na Richard Strauss, wanda ke tashi a guje tun daga sautin farko ya haye can ƙololuwar goge. Mutum zai yi wata uku yana goge wannan shafi ɗaya.

Ranar kuwa, za a ba ka lamba, a kai ka wani ɗan ɗaki ka ɗumama hannu. Ta bango kana jin na kusa da kai yana kaɗa abin da za ka kaɗa, wataƙila ma ya fi ka sauri. Sai a kira lambarka. Ka fito dandamali, zauren fayau, babu kowa sai wani dogon labule, alƙalai suna bayansa. Ba su ganinka, ba su san sunanka ba. An shimfiɗa darduma daga ƙofa zuwa inda za ka tsaya don kada takun takalmi ya nuna mace ce ko namiji. Ba a yarda ka yi magana ba. Idan kana da tambaya sai ka raɗa wa jami'in da ke tsaye kusa da kai ya faɗa a madadinka. Ka ɗaga izga, tafin hannu na zufa. Bayan minti biyar, wani lokaci ko biyu ba a kai ba, sai wata murya daga bayan labule ta yi maka godiya. Shi ke nan, an sallame ka. Horon shekara 20 an auna shi a 'yan mintuna. A haka za a yi ta tacewa, zagaye biyu ko uku, har a rage mutum ɗaya. Wani lokacin ma a watse ba a ɗauki kowa ba.

Wannan labule yana da tarihi. Da can shugaban makaɗa ne ke zaɓen wanda ya ga dama, yawanci ɗaliban abokansa, kuma kusan duka maza. Ƙungiyar Boston ta gwada labule a 1952, sauran na Amurka suka bi a shekarun 1970 da 1980. Masana tattalin arziki biyu, Claudia Goldin da Cecilia Rouse, sun nuna a wani bincike na shekarar 2000 cewa a manyan ƙungiyoyi biyar na Amurka mata sun tashi daga kusan kashi 6 cikin 100 a 1970 zuwa kashi 21 a 1993. Masana suna muhawara kan ko nawa ne rabon labule a wannan ƙari, amma sauyin kam ya faru. A Turai an daɗe ana jan ƙafa. Berlin Philharmonic, wadda aka kafa a 1882, sai a 1982 ta ɗauki mace ta farko, mai goge Madeleine Carruzzo 'yar Suwizalan. Ta Vienna kuwa sai 1997 ta yarda mace ta zama cikakkiyar 'yar ƙungiya. Ni dai wannan labule yana burge ni. Mutane ne suka yarda cewa idonsu na iya karkatar da kunnensu, suka ɗaure kansu da kansu don kada su zalunci wani. Duk mai ɗaukar ma'aikata, ko a ina yake, yana da abin dubawa a nan.

Cin gwaji ba shi ne ƙarshe ba. Akwai zaman gwaji na shekara guda ko biyu, bayansa abokan aiki su jefa ƙuri'a, a tabbatar da kai ko a sallame ka. A wannan zama ba a tambayar ko ka iya goge, an riga an san ka iya. Abin da ake dubawa shi ne ko ka iya narkewa cikin jama'a.

Masu goge bibbiyu suke zama, takarda ɗaya a gabansu. Na ciki shi ke juya shafi, ya daina kaɗawa na ɗan lokaci don na waje ya ci gaba. Kafin a fara, mai busa wata siririyar sarewa da ake kira obo zai ba da sauti guda, mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ko sama da haka kaɗan, kowa ya daidaita tsirkiyarsa da shi. Shugaban masu goge, wanda ke zaune daf da hannun hagun madugu, wato shugaban makaɗa mai riƙe da sanda, shi ke yanke inda izga za ta yi sama da inda za ta yi ƙasa, sauran su rubuta da fensir. Ko kana ganin akwai hanyar da ta fi, tasa za ka bi. Abin kamar luguden mata ne a turmi ɗaya: wadda ta riga ko ta makara da ƙiftawar ido, taɓare sun haɗu. Sai dai a nan mutum 16 ne, kuma ana so mai sauraro ya ji kamar goge ɗaya ne mai faɗi. Idan aka tsinkayi muryarka daban, ko da ta fi ta kowa daɗi, ka ɓata aiki.

Na kujerun baya su suka fi shan wuya, ko da yake ba a cika kula da su ba. Suna nesa da madugu, sauti kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. Wanda ya jira sai ya ji sannan ya kaɗa, ya makara. Dole ya raba hankalinsa: ido ɗaya a takarda, gefen ido a izgar shugaba da sandar madugu, kunne a kan maƙwabci. Wannan ƙwarewa ce mai zaman kanta, kuma ina ganin ba ta gaza ta mai tsayawa shi kaɗai a gaba ba. Mutumin da ya kai gwanin gaske, sannan ya iya sauke kansa ya bi, ya cancanci a girmama shi.

Aikin mako kuwa haka yake: a karɓi sabbin takardu, a koya a gida, a yi bita tare sau uku ko huɗu, kowace kamar awa biyu da rabi, a yi wasa a ƙarshen mako, Litinin a ɗauko wani sabo. Masu aiki a gidan wasan opera a wani rami suke zama a gaban dandamali, kuma wasu wasannin opera na Wagner sukan wuce awa huɗu.

Jiki yana biyan kuɗin wannan. Dubi wuyan mai goge ta hagu, sau da yawa za ka ga tabo inda katako ke zama. Ciwon kafaɗa da wuya da baya ruwan dare ne. Kunnen hagu, da yake shi ne daf da goge, yakan riga na dama rauni, balle wanda aka zaunar a gaban masu ƙaho. Akwai wata cutar jijiya da ke sa yatsa ya ƙi bin umarni, ya riƙa naɗewa da kansa, tana kama kusan mutum 1 cikin 100 na ƙwararrun makaɗa, kuma ta raba wasu da sana'ar. Ga fargaba. A wani bincike da aka yi kan makaɗan manyan ƙungiyoyin Amurka a shekarun 1980, kashi 27 cikin 100 sun ce sun taɓa shan maganin rage bugun zuciya don hannu ya daina rawa.

Batun samu ya danganta da ƙasa. Jamus tana da ƙungiyoyi fiye da 120 da hukuma ke ɗaukar nauyinsu, da albashi da fansho. Na Amurka sun fi dogara da kyautar masu hannu da shuni da kuɗin tikiti. A Landan da yawa gwargwadon aikin da suka yi ake biyansu. Lokacin annobar korona a 2020, makaɗan gidan opera na Metropolitan a New York sun yi kusan shekara ba albashi. Kayan aiki kuma yawanci mai kiɗa ne ke sayen abinsa. Gogen Stradivari da ake kira Lady Blunt, na 1721, an sayar da shi fam miliyan 9.8 a 2011. Irin waɗannan sai dai gidauniya ko banki su saya su ba gwani aro. Amma ko gogen da ɗan okestira zai yi aiki da shi yakan ci kuɗin mota, wasu da bashi suke saye.

A nahiyarmu ma ana yi. A Kinshasa, Armand Diangienda, tsohon matuƙin jirgin sama, ya kafa okestira a 1994 da mutanen da yawancinsu ba su taɓa riƙe goge ba. Lokacin da tsirkiya ta yi wuya, har wayar birkin keke sun ɗaura. A Ingila, Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa ƙungiyar Chineke! a 2015 don buɗe wa baƙaƙen fata da sauran tsiraru ƙofa. A Legas kuma akwai cibiyar MUSON a Onikan, ta ƙungiyar da aka kafa a 1983, tana da makarantar kiɗa mai ba da difloma, tana da okestira tata.

Saboda haka iyaye, idan kuna da yaron da ya nuna sha'awar wannan goge kuma kun amince, kada a ɓata lokaci. A nemo masa malamin da ya san riƙon izga da tsayuwar jiki tun daga ranar farko, a sayo goge daidai tsawon hannunsa, a ba shi minti 20 ko 30 kullum maimakon awa uku ranar Asabar kawai. Mai waya kuma ya nemi Don Juan na Strauss a YouTube, ya bar kallon madugu, ya zuba ido a kan masu gogen kujerun baya na minti ɗaya.